TEBUR NA SHA BAKWAI — Shafi na 31

Alƙalamin Maman Ikhlas

Salamu alaikum mutanena. Na ga saƙonninku kaf, har da na wadda ta ce za ta biyo ni gida da tabarmarta ta zauna sai na rubuta. Zazzaɓi ne ya kayar da ni kwana uku, yau alhamdu lillahi na miƙe. Ku matso kusa.

*

Da Khalida ta san abin da ke jiran ta a unguwar Shisha, da ba ta sa ƙafa a tasi ba.

Nora, 'yar ƙanwar mahaifiyarta, ta dawo shekaranjiya daga yawon amarci a jirgin ruwa. Kwana goma sha biyu ita da angonta Marwan, daga Jidda har tsibiran nan masu farin yashi da itatuwan kwakwa. Shi ne ta tara matan dangi cin abincin rana, wai a zo a karɓi tsaraba.

Jirgin da ta shiga kuwa, shi ne wanda Mudassir mijin Khalida yake aiki a ciki shekara biyu ke nan.

Abin da ya tokare wa Khalida ƙirji ke nan tun a hanya. Sau nawa ta roƙe shi? "Abu Arwa, ko sau ɗaya ne ka ɗauke ni in ga tekun nan da idona." Amsar ba ta sakewa: mamnu', an hana, ma'aikaci ba ya shiga da iyali. Ga shi yarinyar da ta goya a bayanta ta riga ta.

Amma dai tana da abin riƙe kai. Mijinta mushrif ne, shi ke kula da ɗakin ajiyar kayan jirgin gaba ɗaya, mutum ashirin a ƙarƙashinsa. Haka ya faɗa mata, haka ita ma ta faɗa wa duk wanda ya tambaya, har da wanda bai tambaya ba.

An naɗe sufra, shimfiɗar cin abinci, an kawo shayi, Nora ta harɗe a tsakiyar falo tana ba da labari, fatarta ta yi duhun rana tana ƙyalli.

"Wallahi ku bari kawai. Mu nan ba cin abinci muke ba, cika ciki muke. Ranar farko na zauna na ga cokali uku, wuƙa biyu, mai yatsu uku. Na ce Marwan, ish hada, mene ne wannan, tiyata za a yi mana?"

Mata suka kwashe da dariya.

Khala Safara'u, mahaifiyar Nora, ta ce, "To duk wannan shagalin kuɗinsa daban ne?"

"La ya Ummi, duk yana cikin tikiti. Ki ci kifi, ki ci nama, ki ce ba ki so a sake kawo wani, ba mai ɗaure miki fuska. Bakshish, wato tukuici, shi ne kawai a kanki. Daren ƙarshe kowa zai sa nasa a ambulan ya miƙa wa garson ɗinsa."

"Garson ɗinsa kuma?"

"Ai kowane tebur da nasa. Shi zai ja miki kujera ki zauna. Ya warware mandil, farin ƙyallen nan, ya shimfiɗa miki a cinya. Kwana biyu kacal ya haddace ki, ya san ba ki son albasa, ya san ruwanki da lemun tsami. Kafin ki ɗaga ido ya iso."

Sai ta juyo ta dubi Khalida, ta yi wani ɗan murmushi.

"Mu kam mun yi sa'a. Namu ɗan gida ne."

Khalida ba ta gane ba. Ta ce, "Bahaushe kuka samu?"

"Bari ki gani, Abla. Ai na ɗauki bidiyo."

Ta haɗa wayarta da talbijin ɗin da ya kusa cinye bango.

Teku ce ta fara fitowa, shuɗiya kamar an zuba mata baba. Sai wani ɗakin cin abinci mai fitilu reto-reto, fararen tebura, kofuna suna walƙiya. Sai Marwan yana ɗaga hannu. Sai wani mutum ya shigo hoton ta gefe, farar kwat, baƙin wando, faranti huɗu jere a hannu ɗaya, ɗayan hannun a bayansa.

Ya rusuna.

Ya ɗago.

Kofin shayin hannun Khalida ya karkace ya zubo mata a cinya, ba ta ma ji zafinsa ba.

Mudassir ne.

Matan falon suka juyo suka dubi Khalida.

A talbijin kuwa Mudassir ya ajiye wa Nora farantinta, ya ce da Larabci mai laushi, "Bil afiya, Madam." Ya juya zuwa teburin da ke kusa, mai lamba 17 a jikin ɗan ƙarfe. Mace ɗaya ce a zaune, ita kaɗai. Ta ba wa kyamara baya, ba a ganin fuskarta, sai abaya ruwan toka da dogayen yatsu.

Ya ja mata kujera. Ya shimfiɗa mata mandil. Ya ɗauki wuƙa ya shiga ɓare mata jatan lande ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa a gefen faranti, yana matsa lemun tsami. Matar ta ce wani abu.

Sai ya yi dariya.

Dariyar nan ce ta gama da Khalida. Ta san ta. Dariyar da yake yi har haƙorinsa na gefe mai ɗan gibi ya fito. Rabon da ta gan ta a gidanta tun 'yarsu Arwa tana rarrafe, yanzu Arwa tana aji ɗaya.

"Nora, kashe abin nan," in ji Khala Safara'u.

"Ya Allah!" Nora ta dafe ƙirji. "Abla, ba ki sani ba? Wallahi na ɗauka kin sani. Shi dai ya ce wa Marwan kada a yi zancen, na ɗauka kunya ce irin ta maza."

Khalida ta ajiye kofin. "Na sani mana. Wani lokaci in ma'aikata sun yi kaɗan yakan taimaka."

"Kwana goma sha biyu dai shi ya yi mana," in ji Nora. "Kuma ma sha Allah ya iya marra, sosai. Marwan bai yi masa rowa ba, ambulan ɗinmu da nauyinsa."

"Nora!"

"Ummi, me na ce? Yabo nake." Ta gyara zama. "Ai mu ba komai ba ne a kan Madam Shahad, mai tebur na sha bakwai. An ce tafiyarta ta huɗu ke nan a jere. Ba ta yarda kowa ya kawo mata ko ruwa sai shi. Ranar da aka sauya shi zuwa bufe, inda kowa ke ɗiba da kansa, ƙin cin abinci ta yi sai da aka dawo da shi."

Khalida ta miƙe tana laluben jakarta. Hannun rigarta ya zame, awarwaron zinaren da ke wuyan hannunta ya fito, siriri mai 'yan ganyaye.

Idon Nora ya sauka a kai.

"Subhanallah. Abla, naki irin nata ne sak." Ta mayar da bidiyon baya ta tsayar daidai hannun matar. "Kin gani? Ita ma ɗaya take sawa. Na yaba, ta ce min ai a da guda biyu ne."

Ba wadda ta iya ɗaga ido.

Khalida ta zura abayarta a baibai. Tsarabar ma, wani kwandon kwakwa da man shafawa, a nan bakin ƙofa ta bar ta.

*

Ana kiran sallar la'asar ta hau benensu na unguwar Hindawiyya, hawa uku ba lif. Arwa tana unguwar Mansur wajen kakarta, gidan ba kowa sai Mudassir, wanda ya samu hutun kwana biyar tun da jirgi ya tsaya a Jidda.

Yana kishingiɗe a falo da singileti, ƙafafunsa a kan matashi, rimot a ciki. Ko kallon ta bai yi ba.

"Kin dawo? Ɗumama min tuwon nan, ki ɗora shayi. Ki miƙo min ruwa tukuna."

Gorar ruwan tana nan kusa da gwiwar hannunsa.

Khalida ta wuce ciki. Ta yi sallarta. Ta shiga kicin ta ɗumama tuwo da miyar kuka, ta soya kifin da ta saya don abincin gobe. Ta jawo ɗan teburin da Arwa ke yin aikin makaranta ta kafa a tsakiyar falo, ta rufe shi da farin mayafinta. Ta ajiye kujera ɗaya. Kwanukan kuwa a ƙasa ta bar su.

Ta tsaya a bayan kujerar.

Mudassir ya ɗago. "Ish fi? Baƙi za mu yi?"

"Ja min kujera."

"Na'am?"

"Na ce ka ja min kujera in zauna. Ko sai na sa abaya ruwan toka?"

Rimot ɗin ya zame daga cikinsa ya faɗi. Ya tashi zaune a hankali.

"Daga ina kike?"

"Daga kallon mijina. A talbijin ɗin Nora, a gaban Khala, a gaban matan dangina su goma sha. Mushrif! Mai mutum ashirin a ƙarƙashinsa!"

Ya rufe fuska da tafin hannu. "Na roƙi Marwan. Wallahi har da Allah na haɗa shi."

"Au, damuwarka an faɗa ne."

"Ummu Arwa, zauna mu yi magana."

"A ina zan zauna? Ba a ja min kujera ba."

Mudassir ya dubi kujerar. Sai ya miƙe. Ya ɗauki tawul ɗin da ke kan ƙofa ya ninka shi uku ya rataya a hannun hagu. Kafaɗunsa suka miƙe da kansu. Ya zo bayan kujerar ya ja ta, ko ƙara ba ta yi ba.

Ta zauna.

Ya ɗauko kwanukan. Ya yanka tuwon ya ajiye a tsakiyar faranti, ya zagaye shi da miya, ko ɗigo bai taɓa gefe ba. Ya kama kifin, da cokali biyu kawai ya zare ƙayar gaba ɗayanta, ya matsa lemun tsami ta cikin yatsunsa don kada ƙwallo ya faɗa. Ya zuba ruwa ta damanta. Ya ja da baya taku ɗaya, hannu a baya.

Ta ɗauka in ya yi za ta ji sanyi.

Wuta ce ta ƙaru.

Hannuwan nan sun saba. Sun yi wannan sau dubu. Ga wasu.

"Ashe ka iya," ta ce. "Shekara takwas, Mudassir. Ranar da na dawo daga asibiti da ɗinkin Arwa a cikina, da kaina na rarrafa na ɗebo ruwan sha, kana kwance a nan inda na same ka yau. Ashe ka san yadda ake zare wa mace ƙaya."

"Aiki ne, Khalida."

"Ni ba a biya ka ba, shi ya sa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To nawa ne? Faɗa min. In sa a ambulan daren ƙarshe."

"Ya isa!" Ya fizge tawul ɗin ya jefar. "Kin san awa nawa nake tsaye a rana? Sha huɗu. Dubi ƙafafuna." Ya ɗage wando, idon sawunsa a kumbure. "Jirgi yana tangaɗi, kaina yana juyawa, yaro ya watsa min miya a riga, uwarsa ta zage ni, in ce shukran Madam. In ban yi murmushi ba su rubuta a takarda, a mayar da ni wankin kwano. Albashin ba ya kai mu tsakiyar wata. Bakshish ɗin nan da kike rainawa, shi ke riƙe da gidan nan."

"Wa ya raina? Me ya sa ka yi min ƙarya?"

"Don na san ki. Na san yadda kike kallon Nora. Ina da shago babanki ya ba ni 'yarsa, shagon ya tafi. In zo in ce miki na koma ɗaukar faranti? Aikin ɗakin ajiyar an yi min alkawarinsa, da na je aka ba wani. Na ce wata uku in samu canji in faɗa miki. Wata uku ya zama shekara biyu."

Hawaye ya zubo mata, ta share da ƙarfi.

"Da ka ce min shara kake yi a jirgin, wallahi zan wanke maka kayan sharar in goge. Babana ɗan dako ne a Mina kafin ya yi shago, ka manta? Ba farantin ne ya ƙona ni ba."

"To mene ne?"

"Dariyar."

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"Me ta ce maka da ka yi mata wannan dariyar? Ni na manta kalar haƙoranka. Ka shigo gida fuska kamar an aiko maka da mutuwa, miƙo min, ɗauko min, kashe fitila. Ashe a can kake ƙarar da ita, ka kawo min ragowar."

"Matar nan baƙuwa ce kamar kowa."

"Kamar kowa?" Ta ɗaga hannunta, awarwaron ya yi ƙara. "Wannan fa? Ka ce min a kasuwar Balad ka saya. Ka ce wata biyar kana tari. Na sumbaci hannunka, Mudassir. Na je biki uku da shi ina ɗaga hannu don a gani."

Ya sunkuyar da kai.

"Nata ne?"

"Tukuici ne. Tafiyarta ta biyu ba ta ba da ambulan ba, ta cire shi ta ajiye a faranti. Na ƙi karɓa. Ta ce ba naka ba ne, ka kai wa matarka."

"Ta san kana da mata ke nan."

"Ta gani a hannuna, ga zobe."

"Ta saka ɗaya, ta aiko min da ɗaya." Khalida ta yi wata dariya marar daɗi. "Ni da ita mun yi anko ban sani ba."

Ta shiga murɗa shi. Ya ƙi fita, ta ja da ƙarfi har fatar ta yi ja, ta cire ta ajiye a gefen farantin kifin.

"Tsohuwa ce?"

"Ba... ba sosai ba."

"Kyakkyawa ce?"

"Khalida, ni faranti nake kallo."

"Mijinta fa?"

"Ban sani ba. Ba na tambayar baƙi. Balarabiya ce 'yar Jidda, maganarmu ba ta wuce me za a kawo, ya abincin. Wallahi ko lambar wayarta ba ni da ita."

"Wannan karon me ta ba ka? Sarƙa? Ko ɗan kunne, in cika saiti?"

"Ambulan ta bayar kamar kowa. Ban ma buɗe ba, gajiya ba ta bar ni ba."

"Kawo."

"Ummu Arwa..."

"In babu komai, kawo."

Ya shiga ɗaki ya jawo jakarsa. Daga aljihun farar kwat ɗin, wadda ya cusa can ƙasan kaya don kada ta gani, ya zaro ambulan shida. Ya baza su a tebur da kansa, kamar mai son a wanke shi.

Ba sai an nuna mata ba. Biyar farare ne irin na jirgi. Ɗaya ruwan toka, mai kauri, tana tashin ƙamshin turaren oud. An rubuta 17 a kusurwa.

Ta yage bakinta.

Babu kuɗi a ciki.

Kati ne mai tambarin jirgi, an buga shi da Larabci. Khalida ta karanta a fili, kalma-kalma. Gayyata ce ta tafiya mai zuwa. Ɗaki mai baranda, na mutum ɗaya, an biya komai. Wurin cin abinci: tebur na sha bakwai. Sunan baƙuwa: Khalida.

Ta ɗago ta dube shi. "Ka ce maganarku ba ta wuce abinci. A ina ta samu sunana?"

"Wallahi ban taɓa faɗa mata ba." Gumi ya tsattsafo masa a goshi. "Ban taɓa ba. In ma na ambace ki, da Sami ne, abokin aikina ɗan Mansur. Muna tsaye a bayan teburinta muna jiran a gama, mukan ɗan yi hira ƙasa-ƙasa. Kuma da Hausa muke yi, don kada kowa ya..."

Bai ƙarasa ba.

Wata 'yar takarda ce ta zamo daga bayan katin ta faɗo a kan mayafin. Rubutun hannu ne, siriri, mai kyau.

Ba Larabci ba ne.

Mudassir ya kai hannu, Khalida ta riga shi. Ta ja da baya har ta jingina da bango, ta karanta da ƙarfi:

"Khalida, 'yar'uwa. Uwata Bakatsiniya ce, a Hindawiyya aka yanke min cibi. Tafiya huɗu ke nan ina cin abinci ina sauraron labarinki a bakin mijinki, shi yana tsammanin ba na ji. Akwai abin da ya faɗa ranar Talata wanda bai kamata in riƙe ni kaɗai ba. Ki zo. Kujerarki tana kusa da tawa."

Mudassir ya sauke hannunsa. Ya zube a kan kujerar da ya ja mata.

Khalida ta ninke takardar biyu, ta cusa a ƙirjinta. Hawayen ya tsaya cak.

"Abu Arwa," ta ce a hankali. "Me ka ce a kaina ranar Talata?"